Maimaita kwas ɗin shirin jarrabawa: abin da "kyauta" ta ƙunsa da lokacin da ake mayar da kuɗi

Kusan kowane kamfani da ke horar da ɗalibai domin manyan jarrabawowi yana da alkawarin da yake sawa a goshin tallarsa. Wani ya ce idan makinka bai ƙaru ba zai mayar maka da kuɗinka. Wani ya ce idan ka faɗi ka dawo ka sake zama aji, ba sai ka biya ko sisi ba. Wani kuma lamba yake bugawa ƙarara, ya ce ga makin da za ka samu in ka bi ta hannunsa. Ɗalibi ko mahaifin da zai cire kuɗi yakan ji duk waɗannan a matsayin magana ɗaya, wato ba zai yi asara ba. Sai sakamako ya fito ba yadda aka so ba, a koma neman cika alkawari, sannan a tarar kowanne da ma'anarsa.

Ruɗanin ya ƙaru a 'yan shekarun nan saboda jarrabawowin da kansu sun canza kama. SAT, jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka, ta koma kan kwamfuta a 2023 ga masu rubutawa a wajen Amurka, a 2024 kuma a cikin Amurka. An gajarta GRE, ta masu neman karatun digiri na biyu, a Satumban 2023. GMAT, ta masu neman babban digirin kasuwanci, ta zo da sabon ma'aunin maki a ƙarshen 2023, LSAT kuma, ta masu neman karatun lauya, ta cire wani sashe nata ɗungurungum a Agustan 2024. Wanda ya sayi kwas kafin canji, ya zo maimaitawa bayansa, dole ya tambaya ko alkawarin da aka yi masa kan tsohuwar jarrabawa yana aiki kan sabuwa. Hukumomi ma sun fara sa baki, musamman a Indiya, inda aka fitar da ƙa'idoji har sau biyu a 2024 kan kuɗin cibiyoyin horo da irin tallar da suke yi.

## Alkawuran da ake haɗawa alhali ba ɗaya ba ne

Maimaitawa kyauta na nufin kamfani ya bar ɗalibi ya sake bin kwas ɗin da ya riga ya biya, ba tare da sabon kuɗin karatu ba. Kuɗin farko ya tafi ke nan. Abin da ake ba shi kujera ce a aji na gaba, ko a sake buɗe masa shafinsa na intanet na wasu watanni.

Mayar da kuɗi kuwa iri biyu ne, kuma a nan aka fi rikicewa. Akwai na janyewa, wanda ɗalibi ke nema idan ya fasa kafin a fara karatu ko yana tsaka da shi. Wannan ba ruwansa da sakamakon jarrabawa. Ranar da aka nemi fita ita ke yanke yawan abin da za a samu. Akwai kuma na garantin maki, wanda ba ya tasowa sai an gama kwas, an zauna jarrabawar gaske, sakamako ya fito bai kai inda aka yi alkawari ba. Mutum ɗaya zai iya rasa na farko saboda wa'adi ya wuce, ya sake rasa na biyu saboda bai cika wani sharaɗi ba.

Wani lokaci kamfani zai ce ya mayar da kuɗi, amma ba asusun banki suka shiga ba. Ajiya aka rubuta wa ɗalibi a wajen kamfanin, ya sayi wani kwas da ita, kuma galibi tana da ranar ƙarewa. Ƙarin wa'adi da ɗage lokacin karatu su ma nasu daban: na wanda bai kai ga zama jarrabawar ba ne, saboda rashin lafiya ko wani uzuri, kuma a wasu yarjejeniyoyi karɓarsu na soke garantin maki.

Abu na ƙarshe da ya kamata a sani shi ne makin farawa, wato makin da za a gwada sabon sakamako da shi don a ce an ƙaru ko ba a ƙaru ba. Kusan duk rigimar garanti a kansa take tsayawa.

## Daga ina garantin ya samo asali

Stanley Kaplan ya fara koyar da ɗalibai a 1938 a ɗakin ƙasa na gidan iyayensa a unguwar Brooklyn ta birnin New York. Shekaru da yawa masu shirya SAT sun tsaya a kan cewa jarrabawarsu ba ta koyuwa, basira take aunawa. A 1979 hukumar kula da cinikayya ta gwamnatin tarayyar Amurka, FTC, ta fitar da rahoton da ya nuna horo na iya ɗaga maki. Daga nan kasuwa ta buɗe sosai. John Katzman ya kafa Princeton Review a 1981, kamfanin jaridar Washington Post kuma ya sayi Kaplan a 1984.

Kwas ba hajar da ake ɗagawa a duba kafin a biya ba ce. Ana biya yau, a ga amfaninsa ko rashinsa bayan watanni, kuma yawancin masu saye sau ɗaya za su saya a rayuwarsu. Mai sayarwa na buƙatar abin da zai kwantar wa mai saye hankali, gasa kuma ta yi zafi, sai garanti ya zama makamin talla.

Tsarin da Kaplan ya daɗe yana tallatawa ya nuna yadda ake raba alkawarin hawa-hawa. Wanda ya ji bai shirya ba, ko makinsa ya ƙaru amma bai gamsu ba, maimaitawa kawai yake da ita. Wanda makinsa bai ɗaga ba ko kaɗan shi ne ke da zaɓi tsakanin maimaitawa da karɓar kuɗi. Princeton Review na da kwasa-kwasan da aka raɗa wa sunan makin da ake nema, irin SAT 1400+, amma alkawarin 1400 ɗin ga wanda ya fara daga 1250 zuwa sama ne. Wanda ya fara ƙasa da haka ƙarin maki 150 aka yi masa alkawari. Magoosh, da ke koyarwa ta intanet, ya yi suna da alkawarin ƙarin maki 5 a GRE ga wanda yake da sakamakon baya na hukuma. BARBRI, mai shirya masu neman lasisin lauya a Amurka, yana barin wanda ya faɗi a zamansa na farko ya maimaita kwas ɗin jihar a zagaye na gaba. Kamfanonin na sabunta waɗannan sharuɗɗa lokaci zuwa lokaci, shi ya sa kwafin da ɗalibi ya ajiye ranar da ya biya yake da daraja ranar da gardama ta tashi.

## Me ya sa kamfani ya fi son a maimaita

Ajin da za a yi ko da mutum ɗaya bai dawo ba, ƙara masa kujera ba ya cin kamfani komai, kamar motar da lokacin tashinta ya yi, ta cika ko ba ta cika ba. An riga an biya malami, an kama ɗaki. Idan darussan bidiyo ne da aka naɗa, sake buɗe wa mutum shafi ya fi haka araha. Mayar da kuɗi kuwa tsaba ce ke fita daga aljihun kamfani, bayan ya riga ya kashe wani kaso wajen talla, albashi da littattafai. Wannan ya sa ƙofar maimaitawa take a buɗe ga kusan kowa, ta karɓar kuɗi kuma ƙunƙuntacciya.

Akwai kuma ribar da ke biyo baya. Ɗalibin da ya dawo yana cikin damuwa, kuma shi ne ya fi saurin sayen ƙarin sa'o'i da malami na musamman ko ƙarin tambayoyin gwaji. A yawancin yarjejeniyoyi zaɓi ɗaya ake ɗauka: wanda ya karɓi maimaitawa ya bar maganar kuɗi, maimaitawar sau ɗaya ce, kuma zagaye na biyu ba ya ɗauke da sabon garanti.

## Inda gizo ke saƙa: makin farawa

Makin farawa na fitowa ta hanya biyu. Ko dai sakamakon da ɗalibi ya taɓa samu a jarrabawar gaske, ko kuma na gwajin da kamfanin ya yi masa da kansa a farkon kwas. Bambancin ba ƙarami ba ne. Gwajin ranar farko mutum na yin sa bai san tsarin tambayoyin ba, bai san yadda ake raba lokaci ba, wani ma bai ɗauke shi da muhimmanci ba. Makin zai fito ƙasa. Sanin fasalin jarrabawa kaɗai ya isa ya ɗaga shi, ko da malamin bai ƙara wa ɗalibi wani ilimi ba. A 2010, bayan ƙorafin da Kaplan ya kai wa sashen da ke sa ido kan tallace-tallace na masana'antu a Amurka, Princeton Review ya yarda ya daina tallata ƙarin makin da aka auna ta hanyar gwada gwajinsa na cikin gida da sakamakon jarrabawar gaske.

Ko da sakamakon hukuma aka yi amfani da shi, akwai abin da masana awo suka daɗe da sani. Maki ba ya tsayawa wuri ɗaya. Mutum ɗaya ya zauna jarrabawa sau biyu a wata guda, ba lallai ya samu lamba ɗaya ba, saboda tambayoyin da suka faɗo masa, barcin da ya samu da yanayin da ya tashi. Su wa ke zuwa neman kwas bayan zaman farko? Akasari waɗanda ranar ta zo musu da rashin sa'a. Irin waɗannan, ko ba su shiga wani aji ba, da yawansu za su ɗan ɗaga a zama na biyu. Binciken da Derek Briggs ya rubuta a 2009 wa ƙungiyar masu ba ɗalibai shawara kan shiga jami'a a Amurka ya kiyasta cewa abin da horon kuɗi ke ƙarawa a SAT, idan aka cire sauran dalilai, bai wuce kusan maki 30 ba a tsakaice. Wannan ya yi nisa da ɗaruruwan makin da tallace-tallace suka saba ambata.

Sai maganar girman ƙarin. Garantin da ya ce "maki mafi yawa" ya cika da ɗagawa mafi ƙanƙanta. SAT goma-goma take hawa tsakanin 400 da 1600, sassan harshe da lissafi na GRE kuma ɗaya-ɗaya tsakanin 130 da 170. Ɗalibin da jami'ar da yake nema ke buƙatar ya ƙara 100 a SAT, ya ƙara 10, bai samu gurbi ba, amma a takarda kamfani ya cika alkawari. A ɗaya gefen, wanda ya zo da babban maki tun farko shi ne ya fi wahalar ɗagawa, don haka shi ne wasu kamfanoni ke cirewa daga garantin ko su canza masa sharaɗi.

Canjin ma'auni ya ƙara dagula lissafin. Tsohuwar GMAT daga 200 zuwa 800 take, sabuwa daga 205 zuwa 805, amma lambobin ba sa faɗin abu ɗaya: bisa jadawalin masu jarrabawar, 645 a sabuwa daidai take da kusan 700 a tsohuwa. Wanda ya samu 700 a da, ya samu 655 yanzu, lambarsa ta sauka alhali ƙoƙarinsa ya ƙaru. TOEFL ma, jarrabawar gwajin Turanci, daga Janairun 2026 ta ɗauki ma'auni na 1 zuwa 6, bayan an saba da na 0 zuwa 120. Yarjejeniyar da ba ta faɗi yadda za a gwada tsohon maki da sabo ba ta bar wa kamfani damar fassarawa.

## Halarta, aikin gida da kwanakin wa'adi

Sauran sharuɗɗan sun shafi ƙoƙarin ɗalibi da kiyaye lokaci. Galibi ana so ya halarci dukkan darussa ko ya rama wanda ya rasa ta hanyar da aka amince, ya gama aikin gida, ya yi gwaje-gwajen da aka ƙayyade, ya zauna jarrabawa cikin wasu kwanaki bayan kammala kwas, sannan ya miƙa takardar sakamako ta hukuma cikin wani wa'adi.

A ɗauki misalin ma'aikaciyar jinya da ke shirin IELTS, wata jarrabawar gwajin Turanci, tana aikin dare. A ce darasi 12 ne, ta rasa biyu. Ɗaya ta kalli bidiyonsa a shafinta, na'ura ta rubuta mata. Ɗayan ta kalla a wayar abokiyar karatunta, don haka babu shaida. Gwajin ƙarshe ta yi shi har tambaya ta ƙarshe, intanet ya yanke kafin ta danna maɓallin miƙawa, shafin ya nuna ba ta gama ba. Ta yi karatun, amma abin da ma'aikacin kamfani zai duba ranar da ta nemi kuɗinta shi ne lambar da ke kan allo, kuma lambar ta ce ba ta cika ba. Irin wannan ne ke kayar da masu neman garanti, fiye da wata babbar yaudara.

Wanda ya soke makinsa bayan jarrabawa don kada jami'o'i su gani ya rasa shaidar da zai kai. Wanda ya samu kwas ɗin ta hannun makarantarsa, wurin aikinsa ko tallafi, sau da yawa garantin kuɗi bai shafe shi ba, tunda ba shi ya biya ba. Wanda kuma ya saya ta shagon manhajoji na waya, can za a tura shi, ya bi ƙa'idarsu.

## Kuɗin da "kyauta" ba ta rufe ba

Kamfanin horo daban, mai jarrabawa daban. Cibiyar ETS ke da GRE da TOEFL, cibiyar College Board ke da SAT, IELTS kuma ta British Council, IDP da Cambridge ce. Duk zama sabo da sabon kuɗin rajista, kuma garantin kwas ba ya taɓa shi. Su ma suna da nasu ƙa'idar fasawa: a GRE, wanda ya soke rajista kwana huɗu ko fiye kafin ranar, rabin kuɗinsa yake samu.

A cikin kwas ɗin kansa, "kyauta" kan tsaya a kuɗin koyarwa. Sabbin littattafai, kuɗin aikawa da na sake rajista na iya zama a kan ɗalibi, kuma idan jarrabawar ta canza tsari tsofaffin littattafansa ba za su yi masa ba. Wanda ya biya ajin ido-da-ido na iya tarar da maimaitawarsa ta intanet ce. Sa'o'in malami na musamman kusan ba a taɓa maimaita su kyauta, domin nan ne kaɗai ƙarin ɗalibi ke cin kamfani kuɗi na gaske.

Mafi tsada shi ne lokaci. Jarrabawar lasisin lauya a Amurka sau biyu ake yi a shekara, Fabrairu da Yuli. Wanda ya faɗi ta Yuli sai Fabrairu, kuma watannin da ke tsakani watanni ne na aikin lauya da bai fara ba. Mai neman gurbin karatu da ya wuce ranar rufe karɓar takardu na iya jiran shekara guda.

Zama ma ƙirgagge ne. GRE sai bayan kwana 21 ake sakewa, sau 5 kacal cikin wata 12. GMAT kwana 16. MCAT, ta masu neman karatun likita, sau 3 a shekara, sau 4 a shekara biyu a jere, sau 7 a tsawon rayuwa. LSAT ma 7 ne iyakarta. A USMLE, jarrabawar lasisin likita a Amurka, sau 4 ake yarda mutum ya gwada kowane mataki. Sharaɗin da ya ce dole a zauna jarrabawa cikin kwana kaza domin garanti ya ci gaba da aiki na iya tura ɗalibin da bai shirya ba ya ƙona ɗaya daga cikin waɗannan damammaki. Idan aka auna, dama ɗaya daga cikin huɗu ta fi kuɗin kowane kwas daraja.

Wanda ya biya da bashi ko kashi-kashi ta hannun wani kamfanin lamuni yana da nasa nauyin. Bashin ba ya tsayawa don ana gardamar garanti, kuma ko an mayar da kuɗin kwas, abin da aka ɗora masa na ruwa ko na hidima ba lallai ya dawo ba.

## Yadda ake lissafin janyewa

Jumlar "za a mayar maka gwargwadon abin da ya rage" na iya haifar da lambobi biyu masu nisa. A ce farashin kwas 100 ne, darasi 20, aka yi wa ɗalibi ragi ya biya 80, ya halarci 8 ya janye. Idan da abin da ya biya aka lissafa, kowane darasi 4 ne, ya ci 32, a dawo masa da 48. Idan da farashin asali aka lissafa, kowane darasi 5 ne, ya ci 40, a cire kuɗin rajista da ba a mayarwa, a ce 10, ya tashi da 30. Duka biyun "gwargwado" ne. Wasu kuma ba darussan da aka halarta suke ƙirgawa ba, waɗanda aka gudanar suke ƙirgawa har zuwa ranar da takardar janyewa ta iso, ko ɗalibi ya je ko bai je ba. Daina zuwa aji ba janyewa ba ne sai an rubuta.

## Abin da doka ta tanada

Babu wata doka ɗaya da ta game duniya, kuma mai sayen kwas ta intanet daga wata ƙasa yakan tarar yarjejeniyar ta zaɓi dokar ƙasar kamfanin.

A Tarayyar Turai, dokar haƙƙin masu saye ta 2011 ta ba wanda ya sayi abu daga nesa kwana 14 ya canza shawara ba sai ya faɗi dalili ba. Birtaniya na da irinta tun ƙa'idojin 2013. Amma idan mai saye ya nemi a fara koyar da shi cikin kwanakin, zai biya na abin da ya amfana da shi. Idan kuma kayan dijital ne, irin bidiyon da aka naɗa, ya amince a buɗe masa nan take tare da yarda cewa ya bar haƙƙin fasawa, to ya bar shi. Ƙaramin akwatin da ake dannawa kafin biya sau da yawa wannan yardar ce. Dokar Birtaniya ta 2015 ta ƙara da cewa idan ba a yi hidima da ƙwarewar da ta dace ba, mai saye na iya neman a sake yi ko a rage farashi. Wannan na laifin mai koyarwa ne, bai shafi faɗuwar ɗalibi ba.

A Amurka, ƙa'idar fasawa ta kwana uku ta FTC ta shafi cinikin da aka yi a gidan mutum ko a wurin wucin-gadi, ba ta rufe na intanet ko na waya ba. Sai dai jagorar hukumar kan tallar garanti ta ce mai amfani da kalmar mayar da kuɗi ya kasance zai mayar da cikakken farashi, kuma ya bayyana duk wani muhimmin sharaɗi a fili. Ƙa'idar da hukumar ta fitar a Oktoban 2024 don sauƙaƙa soke biyan wata-wata, wata kotun ɗaukaka ƙara ta rushe ta a Yulin 2025.

Indiya ta fi shiga cikin lamarin kai tsaye. Jagorar ma'aikatar ilimi ta Janairun 2024 ta ce ɗalibin da ya biya duka ya bar kwas a tsakiya a mayar masa da ragowar cikin kwana 10, har da kuɗin masauki da abinci idan a cibiyar yake kwana, ta kuma hana yin alkawarin matsayi ko maki. Jagora ce da aka miƙa wa jihohi su aiwatar, don haka ƙarfinta ya danganta da jiha. A Nuwamban shekarar hukumar kare masu saye ta ƙasar ta fitar da nata ƙa'idojin kan tallar yaudara a harkar. Sin kuwa ta wata ƙofar ta ɓullo: tun 2018 ta hana cibiyoyin horon 'yan makaranta karɓar kuɗin fiye da wata uku a gaba, abin da ke rage asarar iyaye idan cibiya ta rufe. Wannan haɗari ne da babu garantin da ke maganinsa, domin alkawarin kamfanin da ya durƙushe ya tafi tare da shi.

## Hujjar kowane ɓangare

Kamfanoni na cewa sharuɗɗan adalci ne. Malami ba zai shiga ɗakin jarrabawa a madadin ɗalibi ba, kuma ba daidai ba ne wanda bai yi aikin gida ba ya karɓi kuɗinsa. Suna ƙarawa da cewa in babu sharaɗi, wasu za su kwashe darussa su nemi kuɗi, farashi ya hau kan kowa. Hujja ce mai ƙarfi, kuma gaskiya ne sharaɗin kammala aiki na sa wasu ɗalibai su dage.

Masu kare haƙƙin masu saye ba su cika musun wannan ba. Ƙorafinsu a kan nisan da ke tsakanin babban rubutun talla da ƙaramin rubutun yarjejeniya yake, da kuma yadda kamfani shi ne mai gwajin farko, shi ne mai riƙe da rajistar halarta, shi ne kuma alƙalin da ke yanke ko an cika sharaɗi. Matsayin Indiya ya wuce nan, tunda a ganinta alkawarin maki tun asali bai kamata a yi shi ba. Masu sukar wannan matsayi na cewa hana garanti gaba ɗaya na cire wa ɗalibi ɗan abin riƙon da yake da shi. A zahiri dai, abin da ya fi rage rigima shi ne a san makin farawa, wa'adi da abin da za a cire tun kafin a biya, ko akwai garanti ko babu.

## Tasirinsa ga mai karatu da mai biya

Sharuɗɗan ba sa faɗa wa kowa da nauyi ɗaya. Ɗalibin da ba shi da wani aiki sai karatu, ga intanet tsayayye, cika su ba wuya. Mai aikin karɓa-karɓa na dare da rana, mai shayarwa, da wanda ke nesa da cibiyar jarrabawa har sai ya jira gurbi, su ne suka fi faɗawa wajen garanti, kuma galibi su ne suka fi buƙatar kuɗin ya dawo. Ga irinsu, kwas mai sauƙin janyewa ko na biyan wata-wata kan fi mai babban garanti amfani, muddin an tuna soke shi, domin da kansa yake sabuntawa.

Hanyoyin da ba sa buƙatar maimaita kwas gaba ɗaya ma sun ƙaru. Tun 2015 Khan Academy ke ba da horon SAT kyauta da haɗin gwiwar College Board. IELTS ta buɗe damar sake sashe ɗaya tak daga cikin huɗun, cikin kwana 60 bayan zaman farko, ga wanda ya yi ta a kwamfuta, kodayake ba kowace jami'a ko hukuma ke karɓar wannan sakamakon ba. Wanda rubutu kaɗai ya kayar da shi ba ya buƙatar sake zaman darussan sauraro da karatu da magana. Sa'o'i kaɗan da mai gyara masa rubutu sun fi masa. A irin wannan hali, idan yana da zaɓi, karɓar kuɗi ya fi maimaitawa.

Maimaitawa ta fi dacewa da wanda zagayen farko ya kuɓuce masa saboda ciwo, aiki ko ƙarancin lokaci, da wanda jarrabawarsa ta canza tsari kuma aka tabbatar masa a rubuce cewa sabon manhaja zai samu. Masu shirin lasisin lauya a Amurka na cikin waɗannan, tunda sabuwar jarrabawar da wasu jihohi suka ɗauka daga Yulin 2026 ta sha bamban da tsohuwa, kuma ba lokaci ɗaya jihohin ke komawa kanta ba. Wanda kuwa ya bi kwas ɗin daga farko har ƙarshe, ya yi duk aikin, ya kuma faɗi, zai koma ga malami ɗaya, bayani ɗaya da tambayoyin da ya riga ya gani. Makinsa a gwaje-gwajen zagaye na biyu zai hau saboda ya tuna amsoshi, kuma da wannan makin ne zai yanke shawarar ranar da zai sake biyan kuɗin rajista.